Tambaya da Amsa: Ina kai littattafai ƙauyukan dutse, ana ta min surutu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a ƙasar Zuru, bazawara mai yara biyu. Duk Asabar nakan ɗaure kwalin littattafai a bayan ɗan acaba in nufi wasu ƙauyuka da ke cikin duwatsu, inda babur ya gaza sai in ɗora a ka in ƙarasa da ƙafa. To wallahi abin ya fara isata. Can ƙauyen wasu magidanta sun hana matansu da ɗiyansu zuwa wajena wai boko na kawo in lalata musu yara, wani ma cewa ya yi gwamnati ta turo ni ɗaukar sunaye, a gari kuma dangina na cewa me mutanen dutse za su yi da littafi, kuma wai bazawara mai yawon ƙauye wa zai aure ta. In haƙura ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri. Kar ki bari, amma ki sake salo.

Maganar danginki ta fi min ciwo gaskiya, raini ne kawai, yaron kan dutse da na cikin gari kai ɗaya Allah ya ba su. Su kuwa magidantan can ki ɗan yi musu uzuri. Tun da aka kwashe ɗalibai a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a 2021, da 'yan matan Jangebe a Zamfara a shekarar, uba ya ga baƙuwa da takardu tana tara masa yara dole gabansa ya faɗi.

Kin san yadda Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi? Ba ita ke bin ƙauye ƙauye ba. Dattijan mata take zaɓa daga ƙauyukan, ta naɗa su jaji, wato jagorar mata masu neman ilimi, ta ɗora musu malfa, su zo da 'yan taru, wato matan da ke bin su neman karatu, su koyi waƙoƙin ilimi a wajenta sannan su koma su karantar da mata a gidajensu, kuma jaji 'yar gari ce kowa ya san uwarta da ubanta shi ya sa ba mai rufe mata ƙofa. Ke ma haka za ki yi. Ki fara gaida mai gari, ki ga liman, inda akwai coci ki ga fasto tunda ƙasar Zuru kowa akwai, ki buɗe kwalin a gabansu su juya littattafan da hannunsu. Sannan ki roƙi su ba ki mace ɗaya da gari ya yarda da ita, ungozoma ko matar malam, akwatin ya zauna a ɗakinta, ke naki ki kawo sababbi ki kwashe tsofaffi. Rubuta sunayen masu aro kuma ki dakata da shi tukuna, ko da littafi biyu uku sun salwanta.

Ki sa littattafan kiwo da noma da rainon jarirai a saman akwatin, na Hausa, da na ajami in kin samu. Ki riƙa karantawa da ƙarfi a tsakar gida, in akwai mai jin C'lela, yaren Dakarkari na ƙasar Zuru, ta fassara wa tsofaffi.

Ba ke kaɗai ba ce fa. A duwatsun jihar Kentaki ta Amurka, daga 1935 zuwa 1943, mata ne ke kai littattafai a kan doki da alfadari, su ma sai da wasu gidaje suka ƙi karɓarsu da farko.

Amma dan Allah maganar hanya. Kar ki tafi ke kaɗai, kar ki tsayar da rana ɗaya da kowa ya sani, ki bugo wa wani a ƙauyen kafin ki tashi, ya ce hanya ba kyau ki zauna gida, yaranki biyu na jiranki. Batun miji kuwa ki bar wa Allah, wanda ya ji labarin aikin nan ya ja da baya da ma ba naki ba ne.