Amsa ga mai tambayar gejin auna bel ɗin babur

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanena da ke aiki a sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci, nan Jidda, na saurari muryarka. Ka ce wani Balarabe ya kawo muku Harley, ka leƙa ka ga babu sarƙa, bel ne mai haƙora, maigidanka kuma ya ce ka danna da babban yatsa kawai ka ji. Kana tambaya ko akwai abin aunawa. To akwai, kuma don Allah ka nemo shi kafin ka taɓa notin baya.

Ka san hannunmu ya saba da sarƙa, ita ana bar mata wasa. Bel ba ya son wasa, a ɗame yake aiki. Harley tun 1980 suka fara sa shi, kuma ba su kaɗai ba ne, Indian ma haka, da Vulcan 900 na Kawasaki. Yatsa kuwa ba ya faɗin gaskiya, danniyar da za ka yi da safe daban take da ta bayan La'asar in ka gaji.

Gejin ɗan ƙarfe ne kamar sirinjin allura, da sifirin a cikinsa, bakinsa kuma yana rungumar bel. Na kamfanin Harley akwai, na Motion Pro akwai, aikinsu ɗaya. Ka sa giya a firi, ka ɗora bakin a ƙasan bel daidai tsakiya, tsakanin fuli (wilin da bel ke zagayawa a kai) na gaba da na baya, ka tura sama a hankali har ya kai layin fam 10, wato kilo 4.5. Daga nan ka tsaya, ka duba nawa bel ya ɗaga. Wasu baburan akwai ɗan taga mai zane-zane a jikin murfin bel na ƙasa, a nan za ka karanta. In babu, ka kafa rula. Adadin da ake so yana cikin littafin babur ɗin, kowane samfuri da nasa, har da ko taya za ta taɓa ƙasa ko a ɗage. Kada ka ɗauki na wani ka ɗora masa.

Yanzu abin da ya fi damuna, zafi. Mutum ya taso daga Abhur da rana tsaka, ya faka, yana sauri, sai yaro ya durƙusa ya auna. Fulin ya ɗau zafi ya buɗe, bel ya ƙara ɗamewa, sai a sassauta, washegari da sanyin asuba ya saki har ya fara tsallake haƙori. Ka ba mai babur shayi, ka ce sai babur ɗin ya huce sarai. Sannan ka juya taya ka auna wurare da dama, domin akwai inda ya fi tauri. In kuma ka ɗame shi fiye da kima, boris ɗin taya da na giya ne za su ji jiki, canjin bel a manyan Harley kuwa sai an kwance gefen inji guda, kuɗin ba na wasa ba ne.

Akwai wani gejin na kamfanin Gates, mai suna Krikit, wanda ke yin ƙas in ka danna, da na'urar da ke sauraren ƙarar bel. Ga aikinka, na fam 10 ya wadatar.

Ku kuma masu sikuta na kai saƙo, naku bel na cikin murfi ba a ɗame shi, faɗinsa ake aunawa, in ya cinye a canza.

Kana juya tayar nan ka haska da tocila, ka duba ko tsakuwa ta huda bel ɗin Harley ɗin, kuma kar ka shafa masa giris. Turo min samfurin da shekararsa mu duba littafin tare. Ka gaida maigidan naka.