Ƙaron bishiya ya manne a fentin mota

Malam ka ce ƙaron darbejiya ya ɗiga maka a bonet ya daskare, sabulu ya ƙi fitar da shi ko? To don Allah kar ka sa reza ko soson ƙarfe, tina ma, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, bar ta, cinye fentin za ta yi. Kai motar inuwa bodin ya huce tukuna, ka wanke wajen da ruwan ɗumi sai ka jiƙa tsumma mai laushi da sipirit na kemis ko sanitaiza ka ɗora a kai kamar minti 2, in ya saki ka goge a hankali. Wanda rana ta gasa kam sai an maimaita. Bayan nan ka ɗauraye ka shafa folish, don sipirit na kwashe folish ɗin da ke jikin motar.