Adakar kakata da tsofaffin kayan ciki na mata: ya halatta in tara, in nuna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ce a nan Yamai, asalina 'yar Tahoua ce, ina kuma koya wa 'yan mata ɗinki a gida. Shekara 6 ke nan ina tara tsofaffin tufafin mata. Abin ya faro ne daga adakar kakata ta wajen uwa. Tun tana da rai ta sha cewa adakar nan tawa ce, da ta rasu na ɗauko ta. A ciki akwai zannuwan saƙi, da turkuɗi, da atamfa 'yar Holan da kakanmu ya kawo mata daga Abijan lokacin ci-rani, da fatari, da ɗan tofi, da jigida. Daga baya na riƙa saye a hannun tsofaffi da 'yan gwanjo a kasuwannin Katako da Wadata, har da shimi da rigunan mama irin na da. Ranar Lahadi nakan baje su in ba ɗalibaina da maƙwabta mata tarihinsu: yadda matan Turai suke ɗaure jikinsu da matsattsiyar riga kafin wata Ba'amurkiya, Mary Phelps Jacob, ta yi rajistar rigar mama a 1914, da yadda iyayenmu suka bar fatari suka koma shimi. Kowane kaya ina maƙala masa takarda mai sunan mai shi da garinsu da shekarar aurenta, wani sa'in in ɗauki hoto in tura wa mutane a waya. To wani malami a unguwarmu ya ce duk haramun ne, taskace dukiya ne da koyi da Nasara da buɗe ƙofar shirka, sai dai in sadakar ko in ƙone. Innata, ƙanwar mahaifiyata, ta daina yi mini magana. Akwai kuma wani mutum da ya ga hotunan, ya ce zai sayi kayan cikin da tsada in dai ba a wanke su ba. Malam, mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗiyata, sau biyu na karanta takardarki. Abin da ya hana ki barci bai dame ni ba. Abin da ya tsayar da ni kuwa, a wuce kika faɗe shi: 'yar takardar nan da kike maƙalawa da sunan mai kaya.

Ƙyalle ba al'aura ba ne. Ɗinka kayan ciki da sayar da su da nuna wa mata yadda ake yanka su duk halal ne, babu mai ja. Amma ranar da kika rubuta "wance, 'yar gari kaza" a jikin rigar mama, ta tashi daga ƙyalle ta koma siffar jikin wance. Ke tela ce, kin fi ni sani: kallo ɗaya za ki yi wa rigar ki faɗi girman ƙirjin mai ita, tsawon jigida kuma ya gaya miki faɗin ƙugunta. Manzon Allah (SAW) ya hana mace ta ga 'yar'uwarta ta je ta siffanta wa mijinta ita kamar yana kallonta. Bukhari ya kawo shi daga Ibn Mas'ud. Al-Ƙabisi, cikin malamanmu na Malikiyya, ya ce wannan hadisi tushe ne ga Imamu Malik wajen toshe ƙofar ɓarna. To idan siffantawa da baki an hana, ina ga hoton abin da ya manne da fatarta, ga suna a ƙasa, yana yawo daga waya zuwa waya?

Kada ki ce ai sun rasu. Mutuwa ba ta cire wa mace suturarta. Masu sira sun ruwaito cewa Nana Faɗima, a ciwon ajalinta, ta nuna ƙyamar yadda ake lulluɓe gawar mace da mayafi yana bayyana surarta, har Asma'u bint Umais ta nuna mata makara mai rumfa irin wadda ta gani a Habasha. Ki tuna kakarki. Matar da ko shanya fatarinta ba ta yi a tsakar gida, sai bayan ɗaki ko ƙarƙashin wani zane, yau ga shi a wayar wanda ba ta taɓa sani ba.

Saboda haka hukuncin ya rabu biyu. Kayan waje, irin su zane da gyale da kallabi da turkuɗi, ki nuna wa kowa, ki sa suna in iyalan sun yarda. Kayan ciki kuwa a tsakanin mata kaɗai, babu hoto, babu suna. Garin da shekarar auren ma ki cire, domin a ƙauyen Adar, wato yankinku na Tahoua, in kika ce amaryar shekara kaza, kin faɗi suna ke nan. Ki rubuta "fatari irin na Adar, saƙin hannu", ya wadatar da mai neman ilimi. Na gwanjo da ba a san mai su ba sun fi sauƙi, amma su ma ban so ki baje su gaban maza ba. Hotunan da kika riga kika tura, ki roƙi waɗanda kika tura wa su goge, ki yi istigfari.

Yanzu ga maganar malaminku. Ina kyautata masa zato, kishin addini ne ya sa shi, amma ya haramta abin da Allah bai haramta ba, kuma ba zan bar maganar ta wuce ba domin na sha jin irinta, har ta sa an ƙone kayan da ba za a sake samun kamarsu ba.

Taskacewar da ayar Suratut Tauba ta yi wa narko, zinariya da azurfa ce da aka hana wa haƙƙinsu. A cikin Muwaɗɗa an tambayi Abdullahi ɗan Umar mece ce taska, ya ce dukiyar da ba a fitar mata da zakka. Tufafin ajiya kuwa ba su da zakka tun asali, to ta ina za su shiga ayar? Wataƙila zai kawo miki hadisin Muslim mai cewa shimfiɗa ɗaya ta miji, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu ta Shaiɗan. Malamai sun fassara shi da abin da aka tara fiye da buƙata don alfahari da fariya. Abin da ake koyarwa da shi yana cikin buƙata, kamar littattafan da ke kan kantata waɗanda wasu sai shekara ta zagayo nake buɗe su. Wuri ɗaya na ba shi gaskiya: in akwai zane mai ɗauruwa a cikin tarinki, ga maƙwabciya tana kwana da ɗari ba mayafi, to ita ta fi adaka cancanta. Amma fatarin da ya shekara 60, wanda in aka ja shi da ƙarfi zai yage, ba wa za ki suturta da shi. Ƙone shi kuma shi ne ainihin tozarta dukiyar da aka hana.

Koyi da Nasara da aka hana shi ne a abin da ya keɓanta da addininsu da alamominsu. Kakanninmu suna ajiye zanen aurensu a ƙasan adaka, su fito da shi su nuna wa jikoki, tun kafin a buɗe gidan tarihi na ƙasa a nan Yamai a 1959, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Boubou Hama. Kuma mu je can baya. Abu Burda ya ce Nana A'isha ta fito musu da wani mayafi mai kauri da gyauto mai kaushi, ta ce a cikin waɗannan biyun aka karɓi ran Manzon Allah (SAW). Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Ki duba da kyau: ta ajiye, ta fito da su, ta nuna wa na baya, ta ba da labarinsu, domin su ga da idonsu irin rayuwar da ya yi. A wani hadisin na Bukhari, tana sanye da wata riga ta dirhami biyar, ta ce ga kuyangata tana jin ta fi ƙarfin sa ta ko a cikin gida, alhali a zamanin Annabi ina da irinta, babu amaryar da za a yi wa ado a Madina face an aiko aron ta. Wannan ba shi ne tarihin tufa ba? Shi ne kike yi ranar Lahadi in kin nuna wa yarinya yadda aka haɗa ƙwaryar saƙi mai faɗin yatsu huɗu da allura, ƙwarya bayan ƙwarya, har ta zama zane.

Batun shirka shi ya fi nauyi, don haka a yi masa adalci. Hujjarsa mutanen Annabi Nuhu ne, da suka kafa siffofin salihan bayinsu a mazaunansu, zamani ya ja har aka bauta musu. Abin da ya kai su can girmamawa ce ta addini da neman kusanci. In da kin ce mini kina shafa zanen kakarki don neman albarka, ko kina jiƙa shi ki ba mai naƙuda, da na hana ki kai tsaye. Abin da Nana Asma'u 'yar Abubakar take yi na wanke jubbar Annabi a ba marasa lafiya, wannan nasa ne shi kaɗai (SAW), ba a ƙiyasta kowa a kansa. Amma ajiya don tunawa da koyarwa daban take. Ni kaina rawanin mahaifina yana nan cikin akwatina. In na warware shi har yau shuni yana kama mini yatsu, ƙamshin turarensa bai gama fita ba, sai in yi masa addu'a in mayar. Ban taɓa jin imanina ya ragu da haka ba. Kuma maganar da mutane suke yi cewa kayan mamaci dole a sadakar da su ko suna damun sa a kabari, ba ta da asali. Kayan mamaci na magadansa ne.

Nan kuwa ne na ji tsoron adakar ba taki ba ce. Ke jika ce ta wajen 'ya mace, ba ki da gado muddin 'ya'yanta suna nan. Ki tuna lafazin da kakarki ta yi. In cewa ta yi "na ba ki", kyauta ce, kuma a mazhabarmu kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali; ke kuwa da bakinki kin ce sai bayan rasuwarta kika ɗauko, to kyautar ta faɗi. In cewa ta yi "in na mutu adakar nan ta wance ce", wasiyya ce, ta inganta gare ki tunda ba ki cikin magada, da sharaɗin akwai shaidu ko magadan sun amsa, kuma ba ta wuce sulusin abin da ta bari ba. In ba haka ba, adakar ta mahaifiyarki da innarki ce da duk wani mai gado. Misali, in ɗa ɗaya ta bari da 'ya'ya mata biyu ba wani magaji, kawunki yana da rabi, su kuma rubu'i-rubu'i. Masu tarihi sun ambata cewa ko mayafin da Annabi ya ba Ka'abu ɗan Zuhairu, saye Mu'awiya ya yi daga hannun magadansa, yana halifa.

Ina zaton fushin innarki daga nan yake, ba daga wa'azin malami ba. Kayan uwarta ne, ba a shawarce ta ba, sannan ta ji an ce ɗan tofin uwarta yana cikin waya. Ki sa kanki a matsayinta.

Haka tsofaffin da kike saye a hannunsu. Ki gaya musu abin da za ki yi da kayan, kuma in kin san zanen ya fi abin da tsohuwa ta nema daraja nesa ba kusa ba, kada ki ci da rashin saninta.

Shi kuwa mutumin nan mai son wanda ba a wanke ba, kada ki sayar masa ko da zare ɗaya, ko nawa ya taya. Mai son tarihi ba ya neman gumin mace. Ko dai sha'awa ce ta karkace, ko kuma sammu ake son haɗawa, kin kuwa san da mataji da gashin da ya maƙale a jikinsa aka yi wa Manzon Allah (SAW) sihiri. Malamai sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, wannan ma haka ne. Ki toshe lambarsa, ki gaya wa maigidanki ko wani babba a gidanku, kada ki riƙe maganar ke kaɗai.

Na gwanjo ki wanke su kafin ki ajiye. Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa ba a salla da tufar da kafiri ya sa, saɓanin wadda ya saƙa, balle abin da ya kusanci tsiraici. In za ki rataya riga a jikin mutum-mutumi, ya zama marar kai. Zakka babu, sai in kin mayar da abin fatauci, a lokacin sai ki dawo mu yi lissafi. Ki kuma kula da aljihunki, domin son tara abu yana da ja. Kada kuɗin cefane ko bashin wani ya tafi a zanen da ba za a ɗaura ba.

Abin da nake so ki fara da shi, kafin Lahadi mai zuwa: ki cire takardun nan daga kayan ciki. Sannan ki shiga mota ki tafi Tahoua da adakar, ki ajiye ta gaban mahaifiyarki da innarki da sauran magada in akwai, ki ce ga kayansu, kin yi kuskure. In sun bar miki, alhamdu lillahi. In sun ce a raba, ki sayi rabon mai sayarwa, ki haƙura da sauran. In zuciyar innarki ta sauko, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta sunan kowane zane da ranar da aka ɗaura shi, da wanda ya rina turkuɗin, ki rubuta, domin akwai abin da ita kaɗai ta rage da saninsa.

Allah ya jiƙan kakarki, ya daidaita tsakaninki da innarki. Wallahu a'alam.