Zauren Shawara: 'Yata za ta Turai da 'yan ajinsu, barci ya ƙaurace mini

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ke da iyali. Ni uwa ce daga Kaduna. 'Yar farina (ki yi mini afuwa, ba na kama sunanta) shekararta 15. Makarantarsu ta shirya musu tafiyar buɗe ido ta kwana goma a hutun Afrilu: kwana huɗu a Vienna, a ciki za su leƙa Bratislava su dawo, sai kwana uku a Budapest, uku a Prague. Yara 22 ne, malamai uku. Babanta ya amince har ya ba da kafin alƙalami. Kakarta ta wajen uba ta ce ba da yawunta ba, ɗiya mace ba ta tafiya ba muharrami. Ni kuma ina tsakiya. Yarinyar nan ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba sai da ni. Me za ta ci a ƙasar da ake cin alade? Yaya salla? Hijabinta fa? Na riga na sa a yi mata kilishi da dambun nama mai yawa don kada ta zauna da yunwa. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata uwa, Kaduna

Wa'alaikumus salam Hajiya. Mu fara da kilishin, don shi ne zai fara jawo mata matsala tun kafin ta fita daga filin jirgi. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyin da ya fito daga ƙasashe irin namu shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su, ɗanye ne ko busasshe. In aka gani ƙwacewa ake yi, wani lokacin har da tara, ga yarinya tsaye gaban 'yan ajinsu ana zazzage mata jaka. Dabino ba a hana ba. Ki haɗa mata shi da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji a roba mai murfi. Yajin nan sai ta sa miki albarka a kansa, don ko barkonon da mutanen Hangari ke taƙama da shi, wanda suke kira paprika, akasarinsa launi ne da ƙanshi, ba ya sa mutum hawaye.

Na zauna shekara uku a Budapest lokacin da maigidan yake karatu, sauran garuruwan ukun kuma duk na taka su. Ra'ayina ki bar ta ta je. Sai dai na lura tsoronki ya tafi inda sauƙi yake, ya bar inda aikin yake. Abinci da salla a zama ɗaya za ku warware su. Abin da ke ɓata irin wannan tafiya shi ne takardu, da sakacin masu kula da yaran, da yarinyar da ba a taɓa bari ta riƙe kuɗinta da kanta ba.

Ƙasashen huɗu, Ostiriya (Vienna) da Sulobakiya (Bratislava) da Hangari (Budapest) da Jamhuriyar Cek (Prague), duk suna cikin yankin Shengen, saboda haka biza ɗaya ce ta ishe ta. Ana nema ne a wurin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, wato Ostiriya a tsarinsu. Ki ɗauko fasfonta yau ɗin nan ki duba: dole ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ta baro can, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Za a nemi inshorar lafiya ta tafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba, da takardar amincewa mai sa hannun ke da babanta, kuma tunda ta wuce shekara 12 sai ta je da kanta an ɗauki hoton yatsunta. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya. Makarantar da ta bari sai saura sati uku, ki san da wasa take yi. Wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba: ɗalibai da malaman da ke rakiyarsu a tafiyar neman ilimi, doka ta yafe musu kuɗin bizar kanta, sai dai ladan kamfanin da ke karɓar takardu. In kin ga an sa kuɗin biza cikakke a lissafi, ki tambaya.

Sai ki shirya ki je makarantar, ba ta waya ba. Cikin malaman nan uku mata nawa ne? In babu mace ko ɗaya, ni ma na koma bayan kakarta. Ɗakin malamar yana hawa ɗaya da na 'yan matan? Wa zai riƙe fasfo-fasfo? In an saki yara su zaga kasuwa, su nawa-nawa ake sakin su, na minti nawa, a ina ake haɗuwa? An sanar da masaukai cewa akwai waɗanda ba sa cin alade? In aka hana yarinya biza, nawa za a mayar muku? Wannan ta ƙarshen ki karɓi amsarta a rubuce. Makarantar da ta san abin da take yi ba ta jin haushin irin waɗannan tambayoyi, tana da amsarsu a aljihu.

Abinci yanzu. Kalma uku za ta haddace, ko ta rubuta a bayan littafinta: a Vienna alade Schwein ne, a Budapest sertés, a Prague vepřové. Tarkon da baƙi suka fi faɗawa shi ne soyayyen naman nan mai faɗi da Vienna ta yi suna da shi, schnitzel. Na asali da naman maraƙi ake yi, amma mai arahar da ake ba taron ɗalibai galibi na alade ne, kuma a ido ba a rabe su. A Hangari da Cek kuma ana girki da kitsen alade ko da naman cikin tukunyar na sa ne, don haka farfesunsu na gulyás sai an tambaya. Wasu kek ɗin ana zuba musu giya, musamman wani mai ruwan hoda da ake sayarwa ko'ina a Vienna. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta ta cikin masu cin ganye da kifi tun daga Kaduna, duk masauki ya san wannan. In ta yi marmarin nama, shagunan kebab na Turkawa da Larabawa suna nan a duk garuruwan, da yawansu da tambarin halal a ƙofa. A Budapest ta nemi lángos, wata soyayyar fulawa ce da za ta tuna mata da fanke, sai dai faffaɗa ce kuma da tafarnuwa. Ruwan famfon Vienna kuwa daga idanun ruwa na kan duwatsu ake janyo shi tun 1873. Ta cika gorarta ta sha, kada ta ɓata kuɗi a kan na roba.

Gorar nan ma tana da wani aikin. Babu buta a ban ɗakunansu, sai takarda. Ƙaramar robar ruwa a jaka ita ce butarta na kwana goma. Bayan gida na tasha da na kasuwa kuɗi ake biya, ta riƙa ajiye 'yan sulalla.

Alƙibla daga can kudu maso gabas take, manhajar waya za ta nuna mata. A Afrilu rana ba ta faɗuwa sai wajen bakwai da rabi zuwa takwas, to akwai sarari tsakanin salloli. Matafiya ce, tana da rangwamen ƙasaru, amma kin san a mazhabarmu wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya cika salla, kuma zamansu na Vienna kan iyakar nan yake. Ki ba ta jadawalin tafiyar ta kai wa malaminta na Islamiyya ya lissafa mata. Ki sa mata siririyar dadduma mai naɗewa. In malamansu za su yarda a ratse, akwai babban masallaci a Vienna kusa da kogin Danube, an buɗe shi a 1979. Ostiriya ta amince da Musulunci a dokarta tun 1912, ba baƙon abu ba ne a can.

Hijabi ba wanda zai ce ta cire a kan titi. Niƙabi ne aka hana a Ostiriya tun Oktoban 2017, duk abin da ke rufe fuska. A Vienna masu ɗankwali sun yi yawan da ba mai waiwayowa. A Prague da Budapest ba su kai haka ba, za a kalle ta, ga hijabi ga baƙar fata. Yawanci kallo ne kawai. Ni a shekara uku sau biyu aka yaɓa mini magana, duka biyun mashaya ne. Ki gaya mata tun yanzu don kada ya zo mata ba shiri: ba ta tankawa, ta matsa kusa da malama.

Abin da zai fi damunta sanyi ne da ƙafa. Za ta bar Kaduna ana zufa ta sauka inda safiya ke iya yin ƙasa da digiri goma, da yayyafi a kai a kai. Rigar sanyi mai kauri ɗaya, safa da yawa. Tsofaffin unguwannin Prague da duwatsu aka shimfiɗe titinsu, kuma wuni ake yi ana tafiya. Ki saya mata kambas yanzu ta yi sati biyu tana sa shi, sabon takalmi a can azaba ne.

Kuɗi iri uku za ta taɓa: Yuro a Vienna da Bratislava, forint a Budapest, koruna a Prague. Duk wanda ya tare ta a titi ya ce zai yi mata canji mai kyau, ɓarawo ne. Ta raba kuɗin gida biyu, kaɗan a jaka, sauran a jikinta. Tsarabar Vienna kada ta bari sai Lahadi, shaguna a rufe suke. Sai tikitin taragon cikin gari. Saye kaɗai bai wadatar ba, sai an cusa shi a wata 'yar na'ura ta buga masa lokaci. Satina na farko a Budapest na zauna abina da tikiti sabo fil a hannu, ina ganin na cika ƙa'ida, sai ga masu bincike. Ban iya yaren ba, su ma ba su nemi jin bayanina ba. Kuɗin cefanen satin nan a can ya tafi.

Kin tambaye ni abin da za ta ci, ba ki tambaye ni abin da za ta gani ba, alhali shi aka biya wa kuɗin. Kogin Danube ɗaya ne ya ratsa Vienna da Bratislava da Budapest, manyan biranen ƙasashe uku, kuma tsakanin biyun farko tafiyar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, galibi ba wanda zai tsayar da su ya ce ina takarda. Yarinyar da ta saba ganin shinge a hanya za ta yi tunani a kan wannan. A Vienna ne hedikwatar OPEC take, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur da Najeriya ta shiga a 1971. Rilwanu Lukman, mutumin Zariya, ya riƙe babban sakatarenta, a birnin ma ya rasu a 2014, sannan Muhammad Sanusi Barkindo ya riƙe daga 2016 zuwa 2022. Ta tsaya gaban ginin ta ɗauki hoto ta kawo wa babanta.

Budapest ce tawa, ki yi haƙuri in na ja. Turkawan daular Usmaniyya sun mulki ɓangaren birnin da ake kira Buda daga 1541 zuwa 1686, har yau ana shiga gidajen wankan da suka gina. A kan wani tudu akwai hubbaren Gül Baba, wani bawan Allah ɗan ɗariƙa da ya rasu a shekarar da aka ci garin. Hanyar hawan tana da tsauri, amma daga sama ana hango kogin da gadojinsa. Ranar da kewar gida ta taso mini can nake zuwa in zauna. A ɗaya gaɓar kuma, kusa da majalisar dokoki, an jera takalman ƙarfe ƙafa sittin a bakin ruwa, har da na yara, don tunawa da Yahudawan da aka sa suka tuɓe takalmansu aka harbe su cikin kogin a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Kila ta kira ki a daren nan muryarta ba daɗi. Ki saurare ta kawai.

A Prague za a kai su gadar Charles da aka fara ginawa a 1357, da agogon nan na dandalin tsohon gari wanda yake tun 1410. Duk awa jama'a na cincirindo suna ɗaga kai su ga gumakansa na motsi, daidai lokacin ne kuma 'yan sane ke nasu aikin. Jakarta ta dawo gaba.

Aikinki na gaske daga wannan satin zai fara. Ki ba ta kuɗi da jerin cefane ta shiga kasuwa, ke ki jira a mota, ta dawo ta yi miki lissafi. Ita za ta shirya akwatinta, ke dubawa kawai za ki yi. Ta haddace lambarki da ta malamar da 112, lambar neman agaji a duk ƙasashen. Kowane gari suka sauka ta ɗauki katin masauki ta sa a aljihu. In jirgin ƙasa ya rufe ƙofa ya bar ta a tasha, ta tsaya inda take, za a dawo a same ta. Cajar waya tana buƙatar kai mai ƙafa biyu zagayayyu, irin namu ba ya shiga. A Afrilu suna gabanmu da awa ɗaya. Ku tsayar da lokaci guda, bayan isha'insu, ta kira ki. Sau ɗaya fa, Hajiya. In kina bugawa duk bayan awa, wayar za ta yi ta kallo har ta dawo.

Kakarta kuwa kada ki yi musu da ita, ba bakinki ba ne. Maganar muharrami ta malamai ce. Ɗanta ya ɗauki jadawalin da sunayen malaman da za su raka, su je wurin malamin da ita kanta ta yarda da shi, abin da ya ce ku bi. In malamar da za ta kwana kusa da yaran za ta iya zuwa ta gaishe ta, hakan ya fi dogon bayani. In an daidaita, yarinyar ta je ta durƙusa ta nemi addu'a, ta tambaye ta tsarabar da take so.

Kilishin, tunda an riga an yi, ki riƙa wa kakar rabi ranar da za a je maganar. Sauran ki ɗaure shi da kyau ki ajiye, shi za ta fara tambaya ranar da kuka ɗauko ta daga filin jirgi.

Taku,
Anti