Hoton ziyara: a goge jama'a da benaye ko a bar su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Misfala, sana'ata kai alhazai ziyara. Duk inda muka tsaya, Dutsen Arfa ne ko Uhudu ko harabar Masallacin Harami, sai a miƙo mini waya in ɗauki hoto, kuma kowa cewa yake kada mutane su fito, kada benaye su fito, yana son wurin yadda yake tun asali. Ga shi kuma fuskoki duhu suke yi mini. Ina mafita? Kuma me ka gani game da goge mutane da manhajar waya? Daga mai karatu a Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Duhun fuska daga farin harami yake. Waya tana auna hasken duk abin da ke gabanta, idan ta ga farin ƙyalle da farin daɓe cikin rana sai ta rage haske, fuskar baƙin mutum ta nutse. Ka taɓa fuskar a jikin allo, ka ɗan ja alamar rana sama har idanu su fito, ka tsaya kafin ninkin haramin ya ɓace. Rana ta kasance a gefen alhaji. In tana bayansa zai zama inuwa, in tana gabansa zai runtse ido. Ka tsara fita daga hudowar rana zuwa wajen ƙarfe 8, ko bayan la'asar. Cikin lambobin jawo hoto da ke allon kyamara, kada ka sa 0.5 a kan mutum, yana baje fuska ya karkatar da gini. Ja baya mita 3 ko 4 ka sa 2. Ka riƙa goge gilashin kyamara, gumin hannu ne yake sa hoto hazo.

Batun asali kuwa, wane asalin ake nufi? Hotunan da Muhammad Sadiƙ Bey na Masar ya ɗauka a Makka a 1880 suna nuna gidaje a jikin duwatsu kewaye da masallaci, da rumfuna masu ƙananan ƙubbobi. Su ma rumfunan ginin Turkawan Usmaniyya ne na ƙarni na 16, a zamaninsu sabon abu ne. Ganuwar Ajyad, tsohon sansanin sojan Turkawa da ke kan tudu, an rushe ta a 2002, aka kafa benen agogo mai tsayin mita 601 a wurin. Dalili shi ne yawan jama'a: a hajjin 2019 kaɗai kusan mutum miliyan 2.5 suka tsaya Arfa, kuma kowannensu yana buƙatar wurin kwana da hanya. Alhajin da yake cewa a cire masa bene, watakila a cikinsa ya kwana.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda hoton kansa yake sauya wuri. Kowa yana son irin hoton da ya gani a wayar maƙwabcinsa, don haka sai a taru a wuri guda: gindin farin ginshiƙin Jabalur Rahma, ko kan Dutsen Maharba a Uhudu. Raƙuman da ake yi wa ado a Arfa don hoto ake kawo su, ba sa cikin aikin hajji, amma a gida yara sun ɗauka haka Arfa take.

Shi ya sa ba na goyon bayan gogewa. Manhajar ma ba ta iya aikin da kyau: takan bar inuwar wanda ta cire, ta murɗe layin daɓe. Sannan cunkoson nan shi ne shaidar shekarar da mutum ya zo. Ka ɗauki biyu, ɗaya kusa daga ƙirji zuwa sama don fuska, ɗaya daga nesa da jama'a da gini da komai. Wanda ya nace sai an goge, ka ajiye masa wanda ba a goge ba, ka rubuta wuri da kwanan wata.

A kula da abu biyu. Kada ka tsayar da alhaji a tsakiyar masu ɗawafi, askarawa za su kore ku kuma kun tare wa bayin Allah hanya. Kuma kada ka saita kyamara a kan fuskar wani, musamman mata, ba da izininsa ba. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya.