Layin saƙonni a kwamfuta ɗaya: dole sai an buɗe ƙofa?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Na haɗa wa wani kantin magani a Ƙofar Ƙaura manhaja mai tura wa mai saye rasit ta waya. Matsalar ita ce in sabis ya ɗauke, saƙon ya tafi ke nan. An ce in sa Redis ko RabbitMQ su riƙa jera saƙonnin, ni kuwa ba na son buɗe ƙofar sadarwa (port) a kwamfutar, don har yaran kanti Wi-Fi ɗaya muke hawa. Ina mafita?
Mai karatu, Katsina

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka na kan hanya. Redis kan saurara a ƙofa ta 6379, RabbitMQ a 5672, kuma ɗora wa kanti ɗaya RabbitMQ kamar ɗauko tirela ne don buhun gero guda.

Ni dai SQLite zan ba ka. Fayil ne kawai na ajiyar bayanai a cikin kwamfutar, manhajarka ke buɗe shi da kanta, babu ƙofar da wani zai ƙwanƙwasa. Ka yi jadawali ɗaya: lambar saƙo, abin da ke ciki, matsayinsa, da lokacin da aka ɗauke shi. Da an yi ciniki, saƙo ya shiga da matsayin "jira". Wani ɓangaren manhajar ya ɗauki mafi daɗewa, ya mai da shi "a hannu", ya tura, sannan ya rubuta "an tura". Ɗaukar nan ka fara ta da umarnin BEGIN IMMEDIATE, don kada biyu su cafki saƙo ɗaya.

Inda ake tuntuɓe shi ne wuta. In an ɗauke ta saƙo yana "a hannu", nan zai maƙale har abada, sai fa in ka sa duk wanda ya wuce minti biyar a haka ya koma "jira". Hakan kan sa wani lokacin rasit ya je sau biyu. Hajiya ta ga rasit biyu ya fi a ce ba ta ga ko ɗaya ba, amma ka sa lambar ciniki a jiki don ta gane abu ɗaya ne. A saitin SQLite ka kunna WAL, wato fara rubuta canji a fayil na gefe kafin ya shiga babban fayil, ka bar synchronous, mai tabbatar da rubutu ya sauka a faifai, a FULL. A NORMAL cinikin ƙarshe na iya salwanta in wuta ta yanke. Kada kuma ka ajiye fayil ɗin a folda da ake rabawa tsakanin kwamfutoci.

In ka nace sai Redis, kuma Linux kake, ka rubuta port 0 a saitinsa don ya rufe ƙofar, ka ba shi unixsocket, wato hanyar magana ta fayil a cikin kwamfutar, da unixsocketperm 700 don mai fayil ɗin kaɗai ya taɓa shi, sannan appendonly yes don layin ya tsira bayan an kawo wuta.