Amsa ga mai son tantabarunsa su dawo daga nesa

Ɗan'uwa, ka ce tantabarunka na dawowa Ringim lafiya daga kusa, amma da ka kai su nesa rabi suka ɓata, kana tambayar mafita. A ganina gaggawa ka yi.

Kafin ka fara sa su a kwandon da ake kai su wurin saki, sai sun iya shawagin awa guda a saman gida safe da yamma ba su sauka ba. Daga nan ka fara sakinsu daga kilomita 5, sai 10, sai 20, duk ta hanyar da za su biyo ranar tsere, wato gasar dawowa gida daga nesa. Kada ka ƙara nisa sai sun riga ka isa gida.

Abinci ne inda mutanenmu suka fi kuskure. Gero da dawa zalla ba sa kai tsuntsu tafiyar yini, domin kitse yake ƙonawa idan tafiya ta yi tsawo. Kwana uku kafin tsere ka ƙara masara da 'yar gyaɗa, busasshiya marar fumfuna, don mai fumfuna guba ce. Ka koya musu shan ruwa a cikin kwando tun a gida. Ƙishirwa ta cinye mini tsuntsaye fiye da shaho, har yau abin na damuna.

Ka saki da sassafe, ban da ranar hazo mai kauri. Wadda ke zubar da manyan gashin fiffike, ko ka buɗe bakinta ka ga abu rawaya a maƙogwaro, bar ta gida ka nemi likitan dabbobi.